Yadda ake fitar da tsatsa daga ƙarafan tsohon injin gem

Assalamu alaikum jama'a. Wannan da kuke gani ƙofar kuɗi ce ta tsohon injin gem, irin dogon nan da ake jefa wa kwandala a buga Pac-Man na 1980 ko Street Fighter II na 1991. Daga wani sito a unguwar Nima ta Accra aka fito da shi. Ku dubi bakin ramin kwandalar: fenti ya kumbura, in ka danna da farce sai ya fashe, jan gari ya zubo.

Ko'ina ƙarfe ya haɗu da iska da danshi zai yi tsatsa, amma a Accra iskar teku da gishiri take zuwa, shi kuwa gishiri ingiza tsatsa yake. Shi ya sa ƙarfen da zai daɗe lafiya a Tamale, a nan ba ya jimawa.

Ka fara zare filogi. Kada ka kai hannu bayan talabijin ɗin ciki, irin mai ƙeya, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko an kashe shi. Wannan aikin mai gyaran talabijin ne. Ka ɗauki hoto da waya, sannan ka kwance ƙofar, notuna, sandar sarrafa wasa da ƙafafun ƙasa. Cire roba, wayoyi da makulli. Goge maiƙo da kananzir, ka wanke da omo.

Ƙananan kaya kamar notuna, ruwan khal fari ya ishe su. Su kwana a ciki, da safe ka bi su da burushin waya. Sai dai khal yana cinye rufin tutiyar da ke jikin wasu ƙarafa, don haka wanda tsatsarsa ba ta yi nisa ba, sanfefa mai laushi ta wadatar.

Ƙofar kuwa wuta za mu sa ta yi mana aiki. Bokitin roba, ruwan da zai rufe ƙofar, babban cokali ɗaya na sodar wanki (garin washing soda, ba sabulun soda ba) ga kowace lita 4 ta ruwa, da cajar batirin mota mai bolt 12. Baƙin kilif ɗin cajar a jikin ƙofar, ja a jikin guntun rodi da ba ka so. Ku lura da kyau: in ka juya su, ƙofarka ce za ta cinye. Ka tsoma ƙofar da rodin a ruwan, amma kada su taɓa juna, kuma jan kilif ya tsaya a sama, bai nutse ba. Za ka ga kumfa na tasowa, ruwan ya koma kamar kunun da ya kwana. A waje ake yinsa, nesa da murhu da taba, saboda iskar da ke fita tana kama wuta. Kada ka sa ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokali, a madadin rodi, guba yake saki a ruwa.

To, a nan yawancin mutane ke asarar wahalarsu. Ƙarfen da aka fitar wa tsatsa tsirara yake, kafin ka je sallah ka dawo ya fara yin ja. Wanda ya sha khal, ka ɗauraye shi da ruwan kanwa don ta kashe tsamin, sannan ruwa mai tsabta. Goge da tsumma, ka busar nan take, musamman lungunan da ruwa ke maƙalewa. A ranar za ka shafa jan fentin ƙasa na hana tsatsa, irin da masu walda ke yi wa get. In ya bushe, baƙin fenti shafi biyu marasa kauri. Ni na fi son fenti da hunturu, a wurin da ƙura ba ta shiga. A watan Yuni danshi kan ɓata shi.

Man fesawa na WD-40 yana kwance notin da ya cije, amma ba ya daɗewa a jiki. Notuna da ƙafafu giris suke so. Akwatin tantance kwandala kuwa kada mai ya taɓa shi, ƙura zai tara, kwandala ta riƙa maƙalewa. Wanke shi kawai ka busar.

In ka haɗa injin, ka ɗora shi kan katako, ka ɗan janye shi daga bango, don ruwan mofa da laimar siminti kada su sake kama ƙafafun.