Yadda Inji Ya Fara Yanka Bolti da Kansa

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da wannan zama.

Kafin shekarar 1800, idan notinka ya ɓata a Ingila, to boltin ma ya tashi aiki. Kowane maƙeri da irin tiredinsa, wato murɗaɗɗen layin nan da ke zagaye jikin bolti da cikin noti, da hannu yake gurza shi, na wannan shago ba ya shiga na wancan. Henry Maudslay ne a Landan, wajen 1800, ya inganta injin sassaƙar ƙarfe ta yadda wani dogon sukuru ke jan wuƙar yanka daidai da juyawar ƙarfen. Ka sauya giya, tazarar tiredi ta sauya. A 1841 Joseph Whitworth ya kawo ma'aunin tiredi ɗaya mai kusurwar digiri 55, Amurkawa kuma suka bi na William Sellers na 1864, mai digiri 60.

Amma duk da haka mutum na tsaye kan injin, shi ne mai tura wannan, ya ja wancan.

Ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Christopher Spencer, mutumin jihar Konetikat, wanda ya yi suna da bindigar da aka yi Yaƙin Basasar Amurka da ita, ya samu rajistar wani inji a 1873. Ya ɗauko ganga ta ƙarfe ya ɗaɗɗaura mata ɓallayen ƙarfe a karkace. Gangar na juyawa a hankali, kowane ɓalli na ture wani hannu a lokacinsa, kamar yadda kamshaf, wato sandar nan mai tozaye, ke buɗe bawul a injin mota. Sandar ƙarfe ta matso, a damƙe ta, wuƙa ta rage kaurinta, wata ta fitar da tiredi, ta ƙarshe ta datse. Sukuru ya faɗo, sandar ta sake matsowa. Abin da hannun gwani ke yi, an jera shi a jikin ganga. Mutum ɗaya sai ya riƙa kula da injuna da dama. A ganina wannan ne babban juyi, domin gwanintar ta koma wurin mai tsara ɓallayen da saita wuƙaƙe, kuma wannan mutumin bai samu yabon da ya kamace shi ba.

Su kuwa mutanen Siwizalan matsalarsu daban ce. Sukurun agogo siriri ne ƙwarai, wuƙa na taɓa shi sai ya lanƙwashe. A shekarun 1870 masu ƙira a yankin Jura suka sa sandar ce ke zamewa ta cikin wani zobe mai riƙe ta, wuƙar na yanka a bakin zoben, inda ƙarfen ba shi da wurin karkacewa. Garin Moutier ya zama cibiyar wannan ƙira. Yau kwamfuta ta karɓi aikin gangar, amma ƙananan sukurorin da likitoci ke ɗaure ƙashi da su, da wannan dabarar zoben ake yanka da yawansu.