Tagogin Majami'ar Chartres da Masu Sana'ar da ke Cikinsu

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau zai kai mu garin Chartres da ke kudu maso yammacin birnin Paris a ƙasar Faransa, inda babbar majami'ar garin take riƙe da tagogi sama da 170 na gilashi mai launi, akasarinsu tun farkon ƙarni na 13.

Gobarar shekarar 1194 ce ta cinye tsohon ginin, amma tagogi uku na ɓangaren yamma sun tsira, haka ma hoton Maryamu uwar Yesu sanye da shuɗin tufafi, wanda launinsa ya yi suna har ake kiransa shuɗin Chartres. Aikin yin irin waɗannan tagogi ba na gaggawa ba ne. Rairayi da tokar itace ake narkawa su zama gilashi, a zuba garin ma'adinai tun yana ruwa domin launin ya shiga jikinsa, kobal ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja. Daga nan a yanka shi ƙanana, a zana fuskoki da lanƙwasar tufafi da baƙin fenti, a sake gasawa, sannan a ɗinke gutsattsarin da siraran sandunan dalma.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankali, a ganina, yana can ƙasan tagogin, daidai inda idon mai tsaye yake kaiwa. A ƙarƙashin hotunan labarin Basamariye mai kirki na cikin Linjila, ga masu ɗinkin takalma sun duƙufa a kan fata. A ƙarƙashin labarin Maryamu Magadaliya kuwa, 'yan ga-ruwa ne suke juye tuluna. Akwai mahauta, akwai masu gasa burodi da kafintoci. An daɗe ana ɗaukar waɗannan hotuna a matsayin shaidar cewa ƙungiyoyin masu sana'a sun ba da gudummawa wajen yin tagogin, kamar yadda sarakuna da manyan attajirai suka bayar.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato a shekarar 1939, sai aka kwance tagogin ɗaya bayan ɗaya, aka zuba su a akwatuna aka ɓoye, bayan yaƙin kuma aka mayar da kowace gurbinta. A shekarar 1979 hukumar UNESCO ta sanya majami'ar cikin jerin wuraren tarihi na duniya.