Saura kaɗan in sayi i7 ɗin 2016 a Low Yat

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka, kuyi haƙuri da ƙarar da kuke ji, jirgin monorel ne yake wucewa ta saman kaina, yanzun nan na sauka a Bukit Bintang cikin Kuala Lumpur. Masu cewa sati uku shiru ba bidiyo, toh tsohuwar laftof ɗina ce ta gaji wlh. Bidiyon minti 12 na sa ta fitar, na je masallaci na dawo, na dafa indomi na cinye, ita tana nan kan kashi 40 fankarta sai kuka take kamar injin markaɗe, daga ƙarshe ma ta ɗauke gaba ɗaya.

Ga Low Yat Plaza nan gabana. Wanda bai taɓa zuwa ba, ka ɗauki Farm Centre ta Kano ka ɗora ta hawa kan hawa ka sa mata esi, shine nan. Ringgit 3,000 na shigo da shi ba ƙarin ko sisi, kuma abin da nake nema wadda zata ɗauki editin sannan in riƙa rubuta asaimen ɗina da ita, ba wai ta gayu ba.

Shagon farko ko gama tsayawa banyi ba sai ji nayi bos bos, ya miƙo min wata siririya ta hannu fes da ita, ya ɗora yatsa kan ƴar sitikar nan yace i7 ce, wato furosesar da ke tafiyar da aikin laftof ɗin. Gsky raina ya biya, har na fara lissafin canjin da zai rage min. Allah ya so ni na buɗe setin na duba cikakkiyar lambar, i7-7500U. Toh ku tsaya nan dan Allah don nan ne ake cin kuɗin mutane. Wancan 7 ɗin na farko bayan ƴar sandar shine janareshon, wato na 7, tun 2016 aka fito da shi, kuma kwakwalwa 2 ce kacal a cikinsa, wato cores, sassan da ke raba aikin a tsakaninsu. Ita kuma U ta ƙarshe tana nufin an yi shi ne don lallaɓa batir ba don aikin ƙarfi ba, masu H sune na aikin ƙarfi. Wani abin ma Windows 11 daga janareshon na 8 ta fara karɓa a hukumance, Windows 10 kuwa Microsoft sun daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Kunga kenan i5 na zamanin nan sai ya ninka wannan i7 ɗin ya ajiye, amma mu dai tunda muka ji bakwai ta fi biyar shikenan. Nace masa terima kasih, wato na gode da yarensu, na ƙara gaba.

Na daɗe a gaban MacBook Air M1 ta hannu, wannan kam ba ƙarya, ta 2020 ce amma har yau tana editin lafiya lau, ba fanka a cikinta sam don haka ba ƙara, batirinta kuma sai ka manta inda ka ajiye caja. Abin da ya raba mu, wadda kuɗina zai kai RAM 8GB ce da ma'aji 256GB, kuma a Mac ɗin nan an like su ne a jikin allon injin na ciki, wato motherboard, yadda ka saye ta haka zaku rabu, ba ƙari. Ni da nake ɗaukar 4K da waya, kwana nawa 256 zata yi min?

Maganar RAM ɗin nan fa kada kuyi wasa da ita. Da 8 zaka iya lallaɓa manhajar editin irin CapCut, amma ka buɗe mai nauyi irin DaVinci Resolve ga Chrome a gefe da shafi goma sha, nan zaka ga bidiyo yana tafiya yana tsayawa kamar mai ɗingishi. 16 ita ce kwanciyar hankali. Kuma kar ka yarda da tsohon ma'aji mai juyawa wato hard disk, SSD dai mai sauri, ko da 512 ce.

A hawa na sama na samu wadda na ɗauka, sunan kamfanin ba zan faɗa ba tunda basu biya ni talla ba hhh. i5-12450H ce mai kwakwalwa 8, da katin hoto RTX 3050, shi katin nan yana da wani ɓangare da aikinsa kenan matse bidiyo lokacin fitarwa, shi yasa baya barin furosesa da wahala ita kaɗai. RAM 8 ta zo da ita, nace a kwance bayanta in gani da idona, ga gurbi ɗaya nan ba komai a ciki, a take yaron shagon ya cusa wata 8 ya mayar da nototin, muka kunna ta nuna 16. Na jona filashina na jefa wancan bidiyon da ya kashe tsohuwar, kafin mu gama cinikin jaka ta fitar da shi.

Amma fa kar kuce ban faɗa muku ba, nauyi gareta, cajarta kaɗai kamar bulo, batirin kuma in zan wuni a laburare dole in nemi kujera kusa da soket. Sikirin ɗin ma irin 45% NTSC ɗin nan ne da ake sawa masu araha, kalolinsa a koɗe suke, ja sai ya koma kamar ruwan zoɓon da aka tsinka, don haka in na gyara kala sai na tura waya na duba tukunna. Abu ɗaya da yayi min daɗi, filogin Maleshiya mai baki uku ne irin namu na gida, in na tafi hutu ba ruwana da neman adafta.

Ringgit 85 ya rage a aljihuna, kuma tun safe ban karya ba, bari in tsallaka layin abinci na Jalan Alor in ga ko masu abincin sun fara buɗewa.