Amsoshin Tambayoyinku: Sarkin Ingila da dinari mai kalmar shahada

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun karkata ga kayan tarihin Turai, don haka za mu fara ba tare da ɓata lokaci ba.

Wata malama daga Damagaram tana tambaya ko kalmar dinari Larabci ce tun asali. To malama, Larabawan ma aro suka yi, domin asalinta sunan kuɗin azurfar Rumawa ne, denarius, wanda aka fara bugawa wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ɗalibin da ya rubuto daga Kumasi kuwa yana mamakin yadda zanen bangon gidajen Pompeii, tsohon garin Rumawa a Italiya, bai goge ba. Tokar dutsen Vesuvius, wanda ya yi aman wuta a shekara ta 79 miladiyya, ita ce ta binne garin, ta tsare zanen daga rana da ruwan sama har aka fara tono shi a ƙarni na 18.

Tambayar da ta fi yawa ta zo daga Kano da Maraɗi da Garwa, kuma kusan duk hoto ɗaya aka turo mana: tsabar zinariya mai kalmar shahada da sunan wani sarkin Ingila. Shin sarkin ya musulunta ne?

Tsabar gaskiya ce, tana gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Sarkin shi ne Offa, wanda ya mulki Mercia a tsakiyar Ingila daga 757 zuwa 796. Maƙerinsa ya kwaikwayi dinarin halifan Abbasiyawa al-Mansur na shekara ta 157 bayan hijira, ya kwafi rubutun Larabcin baki ɗaya, sannan ya cusa OFFA REX, wato Sarki Offa, a tsakanin layuka. Amma ku lura da wannan: sunan sarkin a kife yake idan aka daidaita Larabcin, kuma a Larabcin kansa akwai kurakurai. Bari in maimaita, a kife yake. Wanda ya san abin da shahada take nufi ba zai rasa gane samanta da ƙasanta ba. Da alama maƙerin ya ɗauki rubutun a matsayin ado ne kawai.

Malamin tarihin da muka tuntuɓa, Allah ya saka masa, sai da ya bi da mu ta tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, inda a 1999 aka tono azurfa mai nauyin kilo 67 a Spillings, ciki har da tsabobi kimanin 14,000, mafi yawansu dirhamin ƙasashen Musulmi. Da muka jawo shi kan tambayarmu, ya ce abin nufi shi ne kuɗin halifofi su ne 'yan kasuwa suka amince da su a wancan zamani, don haka duk mai son zinariyarsa ta karɓu sai ya ba ta kamanninsu. Offa Kirista ne, yana hulɗa da Paparoma, har ya sa aka ɗaga darajar cocin garin Lichfield na Mercia a 787.

Ni a ganina, masu tura hoton ta WhatsApp da taken an ɓoye mana tarihi sun yi gaggawa. Ba a ɓoye komai ba, 'yan uwa, tsabar tana da lamba a kundin gidan tarihin.

Sai Alhajinmu na Zariya, wanda ba ya fashin rubuto mana, da tambayarsa kan tarihin hular kwanon Sutton Hoo, wato hular yaƙi da aka samu a wani wuri mai wannan suna a gabashin Ingila. Alhaji, an tono ta a 1939 cikin kabarin wani babban mutum da aka binne a jirgin ruwa mai tsawon mita 27 a farkon ƙarni na 7, kuma a farfashe aka same ta, masana suka harhaɗa. Sauran tambayoyinka uku sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.