Maɓallan kakanninmu sojoji: a juya baya kafin a ce komi

Wannan lacca ce da anka yi a Tawa, mun kwafo ta daga rikodin kamar yadda malamin ya faɗa.

Assalamu alaikum jama'a. To ga wannan maɓalli a hannuna, na baya ku matso ku gani. Tagulla ce, kuma abin da ke samansa anga ce, ƙugiyar nan da ake tsaida jirgin ruwa da ita. Yara suna tambayata, Malam mi ya haɗa ɗan Adar da jirgin ruwa, mu da ko gulbi ba mu da? Dalili shi ne sojojin da Faransa ta yi mulkin mallaka da su asalinsu ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwa suke, sai a 1900 anka maida su hannun ma'aikatar yaƙi, sunan ya canza amma angar ta zauna. Su tirayer ɗin da ake ce ma na Senegal, wato sojojin Afirka da Faransa ta ɗauka, Faidherbe gwamnan Senegal ya kafa su tun 1857, kuma sunan ne kawai na Senegal, cikinsu akwai Bahaushe akwai Bazabarme akwai Bambara, duk jar dara ɗaya sunka sa.

Amma ku ji ni da kyau, anga kaɗai ba ta ba ka shekara, don har gobe sojan Faransa na da masu sa ta. Wani ya zo mani da maɓalli yana rantsuwa wai na yaƙin Kawusan ne a Agadas, 1916 zuwa 1917, na ce ɗan'uwana mai yiwuwa ne, amma fuskar ba ta isa shaida ba, juya mu ga baya.

Baya shi ne wurin magana, musamman ga bajon ƙirji. Nan maƙerin ke buga sunansa, za ku ga Drago, ko Arthus-Bertrand, ko Augis na Lyon. Shi Drago har adireshinsa na Paris yake sawa, kuma ya yi ta ƙaura, in ka ga rue Béranger to wannan ya girmi mai rue Olivier Métra, shi kuma ya girmi mai rue de Romainville. Sannan in akwai harafin H ko G da lamba a gaba, wannan lambar rajista ce ta hukumar soja, bayan yaƙin duniya na biyu anka fara ta, kenan kada kowa ya ce maka na 1914 ne. Ku taɓa fentin kuma, na da gilas ne da anka gasa a wuta, yana da sanyi da nauyi, in ya fashe kamar tangaram yake fashewa, na baya-baya kuwa roba-roba ne.

Mu nan kusa da Ƙonni kayan Ingilishi ma suna shigowa. In ka ga bishiyar kwakwa da RWAFF, sunan rundunar Ingilishi ta Afirka ta Yamma, wannan R ɗin a 1928 anka ƙara ta, kafin nan WAFF ne. Namu na ƙasa kuwa, FAN, rundunar sojan Nijar, sai 1 ga Agusta 1961.

Abin da ke ci mani rai, wani yaro ya kawo mani gwangwanin kakansa, ya zauna ya goge komi da toka da lemun tsami da yashi don ya yi ƙyalli, wallahi rubutun bayan duk ya tafi, sai da na ji hawaye. Don Allah ruwa da tsumma mai laushi sun isa. Kuma kada ku raba bajo da karnen soja na mai shi, takardar nan da tsofaffi ke naɗewa cikin leda a ƙasan adaka, ita ke da lambarsa da bataliyarsa da shekarar da anka ɗauke shi.

Hajiya na ga kin ɗaga hannu tun ɗazu, kawo naki nan gaban fitila mu juya shi.