Laccar ƙaramar mesa mai dunƙulewa da yajin cin abincinta

(An rubuto daga rikodin na wata lacca da anka yi wa ɗaliban kiwon dabbobi a Birnin Kebbi. Farkon gaisuwar bai fito sosai ba.)

...to na baya kuna ji na? Madalla. In wagga lasifika ta ɗauke ku ɗaga hannu kawai, kada a yi ihu.

Abu biyar zan faɗa in Allah ya yarda, kan yadda wagga ƙaramar mesa ke cin abinci in tana tsare a hannun mutum. Na ga wasu tun daga jin sunan sun janye ƙafa daga ƙarƙashin benci, ku kwantar da hankalinku ban zo da ita ba (dariya). Wadda nake nufi ita ce masu ilimin dabbobi ke kira Python regius. Ba babbar mesar nan ta fadama mai haɗiye akuya ba, wannan ƙanwarta ce, tsawonta mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba ta da dafi, kuma in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Tamu ce ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Senegal har zuwa wajen Uganda, tana kwana cikin ramin ɓera da tsohon suri. Daga Ghana da Togo da Benin anka fi kwasarta zuwa Amurka da Turai, can mutum zai aje ta a falo cikin akwatin gilashi ya sa mata suna. Maƙwabtanmu na Benin kuwa, a garin Wida har ɗakin tsafi ke akwai nata. Kuma cinikinta tsakanin ƙasashe sai da takardar izini ta CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ba wai ka sa a buhu ka hau mota zuwa Kamba ba.

Na farko, yadda take gane abinci. Ba da ido take aiki sosai ba. Harshen nan da take fiddowa ƙamshi take ɗebowa ta kai wani wuri a ganɗarta, sannan a leɓenta na sama akwai 'yan ramuka a jere masu jin ɗumin jiki. Shi ya sa in ka miƙa mata mataccen ɓera mai sanyi sai ta wuce shi kamar ba ta gani ba, amma hannunka da ya taɓa ɓeran kuma yana da ɗumi, shi za ta sara. Don haka a yi amfani da dogon hantsaki, in a firji anka aje ɓeran a ɗumama shi cikin ruwan ɗumi a leda, a ba ta da dare don da dare take farauta. Na farko kenan, mu wuce.

Na biyu, kuma wallahi saboda shi na yarda na zo, shi ne yajin cin abinci. Wagga dabba tana iya rufe baki wata uku, wata huɗu, wata shida, lafiyarta lau. Ku sake ji, lafiyarta lau. Mu da munka saba da kaza da tunkiya, in dabba ta kwana biyu ba ta ci ba mun san akwai matsala, sai a nemo allura. To wannan lissafin bai aiki a kan mesa. Kaza jikinta kullum yana ƙona abinci don ya riƙe ɗumi, ita kuwa mesa ɗuminta daga waje take aro, ba ta kashe komai a kansa, ga shi yini take kwance cikin rami ba motsi. Abin da ta ci sau ɗaya yana kai ta nesa.

Kuma ba nan abin ya tsaya ba. Wani mai bincike a Amurka, Stephen Secor, ya daɗe yana aiki a kan mesar ƙasar Burma, 'yar uwar tamu ce babba, ya nuna cewa tsakanin ci da ci hanjin mesa motsewa yake, ciki ya daina fitar da ruwan tsamin narkewa, komai ya kwanta. Ranar da ta haɗiye abinci sai a tada injin gaba ɗaya, hanji ya kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ruwan ciki ya yi tsami har ya narkar da ƙashi, iskar da jikinta ke sha ta ninka, in abincin babba ne har wajen sau 40. Kun ga ashe cin abinci a wajenta aiki ne mai tsada. In ɗakin ya yi sanyi, ko hankalinta bai kwanta ba, ƙin ci ya fi mata sauƙi da ta haɗiye abin da zai ruɓe mata a ciki. Mu muna cewa taurin kai, ita lissafi take yi.

To mi ke sa ta shiga yajin? Namiji in lokacin barbara ya zo, wajen ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, hankalinsa ba ya kan ɓera ko kaɗan, sai zagaye akwati. Matasan da ke dariya a can gefe, na san abin da kuke tunani, ku bari sai an tashi (dariya). Mace in ta kusa yin ƙwai ta kan daina ci, in ta yi su, galibi tsakanin 3 zuwa 11, sai ta naɗe a kansu kusan wata biyu ba ci. In za ta yi saɓa idonta zai yi fari-fari kamar hazo, launinta ya dushe, ba ta gani sosai, ba za ta ci ba sai ta tuɓe. Sabuwar zuwa kuma kamar amarya ce a sabon ɗaki, a ƙyale ta sati ɗaya ko biyu ba ɗauka ba leƙe, kafin a kawo mata akushi.

Sai namu na nan, wanda ba za ku gani a bidiyon Turawa na YouTube ba, su matsalarsu ƙanƙara. Mu nan Kebbi iri biyu ne. A hunturu da asuba zafi yana sauka ƙasa da digiri 20, iska ta bushe ƙayau har leɓe na tsagewa, ita kuwa tana son gefe ɗaya na akwati ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen wajen 26, da danshin iska kamar kashi 60 cikin 100. A bazara kuma, watan Afrilu, mun san yadda Birnin Kebbi da Argungu ke wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano sai ya zama tanda, wannan ba yajin ci kawai zai jawo ba, kashe ta zai yi. Wanda ya aje ta a irin wannan ɗaki sannan ya zo yana tambayata wane irin ɓera zai canza mata, na kan ce bawan Allah ɓera bai yi laifi ba, gyara mata wurin kwana. Ka sa mata fasasshiyar tukunyar ƙasa a kife wadda za ta shiga jikinta ya taɓa ko'ina, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, da kwanon ruwa mai faɗi. Akwatin gilashi fili fetal ba maɓoya, a tsakiyar falo yara na bubbugawa, ina za ta ci?

Yanzu ya za ka bambance yajin lafiya da na ciwo? Sikeli. Ba addu'ar tsaye a kanta kana huci ba, sikeli, irin na dijital ɗin nan na masu sayar da kayan kek. Ka auna ta sau ɗaya a wata ka rubuta a littafi. Babba mai gram 1,500 ta yi wata uku ba ci ta rage gram 30 ko 40, je ka yi barcinka. Amma in ragin ya doshi kashi 10 cikin 100, ko ƙashin bayanta ya fito jikin ya zama mai kusurwa, ko kana jin fito in tana numfashi, yawu mai kumfa a baki, ko ka ga 'yan baƙaƙen ƙwari suna yawo tsakanin ɓawon fatarta, wannan sai likitan dabbobi. Kuma jinjira 'yar gram 60 ko 70 ba ta da kitsen da za ta yi dogon yaji, ita ba a yi mata wannan haƙurin. Don Allah, don Allah, kada wani ya buɗe mata baki da tsinke ya tura nama. Ana yin ɗura amma aikin wanda ya iya ne, kuma sai an ƙure komai. Kuma kada ka dinga miƙa mata ɓera kullum kana takura mata, in ta ƙi yau ka ba ta kwana 10 zuwa 14.

Dabba ce fa mai tsawon rai, shekara 20 zuwa 30 ba abin mamaki ba ne. A gidan namun daji na Saint Louis a Amurka an samu wadda ta kai wajen shekara 62, a 2020 ta yi ƙwai 7 bayan ta fi shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. Mai irin wannan rai wata huɗu ba ci mi ne a wajenta? Ku dai riƙe sikeli.

Shugaban zama yana nuna mini agogo, ranka shi daɗe na gani. Na nawa muke? Na huɗu ko? To na huɗu, tsirfa. Akwai wadda ta saba da ƙaramin ɓera ba za ta taɓa babba ba ko da ta girma, akwai wadda sai fari, akwai wadda ba ta ci in kana tsaye, sai ka aje a bakin tukunya ka kashe fitila da safe ka tarar babu. Wata za ta sara ta naɗe ta matse sannan ta saki ta yi tafiyarta, galibi an dame ta ne ko abincin ya huce. Wata ta fara haɗiya ta wutsiya ta sha wahala da ƙafafu, ka ƙyale ta za ta gama. Kuma a 1998 wasu masana biyu, Luiselli da Angelici, sun wallafa binciken da sunka yi a dazukan kudu maso gabashin Najeriya, sunka gano mazan sun fi hawa bishiya suna cin tsuntsaye, matan sun fi cin ɓeraye a ƙasa, don haka in naka ya ƙi ɓera ya karɓi ɗan tsako ba aljani ya shige shi ba. Girman abinci kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta, ƙarama duk kwana 5 zuwa 7, babba sati biyu zuwa uku. In ta ci kada a ɗauke ta sai bayan awa 48, in ba haka ba ta amayo, kuma warin, to Allah ya raba ku da shi. In ta amayo a huta sati biyu. Ɓera mai rai kuma kada a bar shi ya kwana da ita, in ba ta jin ci dunƙulewa za ta yi shi kuwa ya yi ta gwaguyar bayanta har ƙashi. Na biyar... na'am? Akwai hannu a can. Baba bismilla, a miƙa mishi makirufo.

(Wani dattijo: Malam sannu da ƙoƙari. Ni manomi ne, ɗana ne ɗalibi na rako shi. Ka ce a sa ɓera a firji, mu da wuta ba ta zama. Ga ɓeraye sun ishe mu a rumbu da shagon shinkafa, mi zai hana yaro ya kama su ya ba ta, ka ga an huta biyu?)

Baba Allah ya ƙara girma, ka ƙwace na biyar ɗin ma, wannan ya fi shi. A'a, kada a yi, saboda abu biyu. Ɗaya guba. Rabin shagunan hatsi an zuba maganin ɓera, kuma wani irin ba ya kashewa nan take, ɓera zai ci ya yi kwana uku ko huɗu yana yawo jininsa na tsinkewa, shi ne ma ya fi sauƙin kamawa don ya yi laushi. Ka ba mesa shi ka ba ta gubar. Ga tsutsar ciki da ƙuma a kai.

Na biyun ba don macijin ba ne Baba, don ɗanka ne. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke shiga rumbu, Mastomys, wanda wagga mesa ma tana ci, shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda anka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Ɓeran ba ya nuna ciwo, cutar na cikin fitsarinsa da kashinsa da jininsa, kuma a rani anka fi samun ta, daidai lokacin da rumbu ke cike. Yaro ya sa hannu ya kama, ya cije shi ko ya yi mishi fitsari, ya zo ya ci tuwo da ƙannensa kwano ɗaya. A'a. Wanda zai aje wagga dabba sai ya kiwata fararen ɓerayensa a keji mai rufi, na ɗakin gwaji, yana ba su dusa da ruwa mai tsabta, a kashe a miƙa nan take tun da ɗumi, ka ga ba ruwanka da firji balle wuta. Kuma tunda maganar rumbu ta zo, abin da kunka gani naɗe a gindin rumbu mai zane a baya kada yaro ya ce ai mesar lacca ce ya kai hannu, kasa da kububuwa ma ɓera suke bi, su kuwa suna da dafi. Sauran tambayoyi a same ni waje bayan la'asar, an riga an kira salla.