Wa ke ba albam maki, kuma me ya sa masoya ke fushi da 8?

Toh jama'a, duk sanda wani babban mawaƙi ya saki sabon albam sai ku ga an ɗauki hoton lamba guda ɗaya ana ta yawo da ita a X da Facebook, ana ta surfa wa wanda ya rubuta sharhin zagi. Lambar nan, wato makin da masu sharhi ke ba albam, a kanta za mu tsaya yau.

Aikin kansa dai a gurguje. Wani lokaci kamfani kan turo wa mai sharhi waƙoƙin tun kafin su fito, da sharaɗin kar ya ce uffan sai ranar da aka tsayar. Wani lokacin kuma babu wannan gatan, kamar yadda Beyoncé ta yi a Disambar 2013, ta saki albam ba sanarwa ba komai, kowa ya ji a lokaci ɗaya. Sai mutum ya yi ta saurare yana maimaitawa, ya koma tsoffin ayyukan mawaƙin ya gwada, ya rubuta, edita ya gyara.

Yanzu ga inda ake samun ruɗanin. Ku duba Pitchfork, shafin intanet na sharhin waƙoƙi, suna ba da maki daga 0.0 zuwa 10.0. Sunan da ke jikin rubutun na mutum ɗaya ne, amma makin ba shi kaɗai yake yankewa ba, da editoci ake tattaunawa kafin a tsaya a kan lamba. Wato wanda kuke zagi a kan 7.2, mai yiwuwa shi a ransa ya so ta fi haka. Kuma makin nan ba na jarrabawa ba ne da za a ce ga amsa daidai ga kuskure, ra'ayi ne aka matse shi ya koma lamba, hujjar kuwa tana can ƙasa cikin rubutun da yawancin masu zagin ba su buɗe ba.

Sai kuma Metacritic. Su aikinsu su tattaro sharhi daga mujallu da jaridu daban-daban, su mayar da kowanne bisa 100, tauraro huɗu cikin biyar ya zama 80, in ma jarida ba ta sa maki ba su da kansu za su karanta su ƙiyasta mata, sannan su fitar da matsakaici, kuma wasu gidajen sun fi wasu nauyi a lissafin. Dan haka masoya suke zaman gadin lambar nan dare da rana.

A 2020 Pitchfork ta ba albam ɗin Folklore na mawaƙiya Taylor Swift 8.0. Takwas fa! Sharhin yabo ne, amma da yake wasu sun ga zai ja matsakaicin ƙasa, sai aka bankaɗo adireshin marubuciyar da lambar wayarta aka watsa, ana kiranta ana mata barazana. Wallahi abin nan yana min ciwo har yanzu, mutum ya zauna ya saurari aikin mawaƙiya da kyau ya yaba, sakamakonsa kenan. A 2024 kuma mujallar Paste ta buga sharhin sabon albam ɗin Swift ba sunan marubuci, suka ce saboda barazanar da aka yi wa wani nasu a 2019 ne.

To ya masu sharhin suke yi in an soke su? Zagi dai yawanci ba sa tanka shi. In kuskure ne na zahiri, kamar an saka sunan furodusa ba daidai ba ko an juya baitin waƙa, sai a gyara a rubuta a ƙasa cewa an gyara. In kuma saɓanin ra'ayi ne, nan ake ganin halin kowa. Matt LeMay, mai sharhi a Pitchfork, ya ba albam ɗin mawaƙiya Liz Phair 0.0 a 2003, a 2019 ya fito fili ya nemi afuwarta, kuma a 2021 Pitchfork ta sake duba maki na albam 19, nata ya koma 6.0. Ni wannan ya burge ni sosai, dan ba kowa ke iya fitowa ya ce kunnena ya canza ba.

Wani kuma ba ya motsawa. Anthony Fantano, mai sharhin waƙoƙi a tasharsa ta theneedledrop a YouTube, ya ba albam ɗin Kanye West na 2010 maki 6, alhali Pitchfork 10 cif ta ba shi. Shekaru ana binsa da wannan magana a ƙasan bidiyoyinsa. A 2020 ya sake zama ya saurara daga farko, ya bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya yana faɗin inda ya ji daɗi da inda bai gamsu ba, ya sake ba shi 6.